Ranar da na kulle kaina a wajen foldata

Kwamfuta ɗaya ce a gidanmu, mu huɗu ke amfani da ita: ni, uwargida da yara biyu. Mun daɗe muna shiga da asusu guda, shi ma na admin, wato duk wanda ya zauna gabanta wuƙa da nama na hannunsa. Ban ga aibun haka ba sai ranar da autanmu ya rasa wurin da zai saka wasa, ya goge foldar takardun aikina, ya bi ta har kwandon shara ya share.

"Baba, ai ita ce ta ce wuri ya cika."

A daren na buɗe wa kowa asusunsa. Windows kan ware wa kowane asusu folda a cikin C:\Users, kuma mai asusun gama-gari ba ya iya leƙa ta wani, yawancin manhajoji ma ba sa girkuwa sai da kalmar sirrin admin. Hotunan iyali na zuba su a foldar Public, inda kowa ke gani.

Da a nan na tsaya da lafiya lau, sai iyayi ya ɗebe ni. Akwai wata folda tawa a faifan D da kowa ke iya buɗewa. Na shiga shafin tsaronta, na zaɓi rukunin Users, na danna akwatin hani daga sama har ƙasa. Na dawo zan buɗe, kwamfuta ta ce ba ni da izini. Ni da kayana! Ashe duk wanda ya shiga da asusu, har ni, rukunin nan ya haɗa da shi, kuma a NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi, in hani da izini suka haɗu a kan folda ɗaya, hani ake bi. Abin da ya cece ni shi ne ni na ƙirƙiri foldar, kuma mamallaki na da ikon sake izini ko an hana shi buɗewa. Na cire hanin, na yanke gadon izinin da take ɗaukowa daga faifan, na fitar da rukunonin jama'a, na bar sunana da SYSTEM (asusun Windows kanta) da Administrators (rukunin masu admin). Tun daga nan ban sake taɓa akwatin hani ba. Wanda ba na so ya shiga, sunansa kawai nake cirewa.

Daga baya na lura izinin ba ya bin fayil zuwa filashi mai tsarin ajiya na FAT32, duk wanda ya tsince shi ya buɗe.

Uwargida ce ta gano ramin da ya rage. Tana kallo na buɗe foldarta da danna biyu, don admin ba shi da shamaki.

"To Baban yara, ni kuma wa zai tsare ni daga gare ka?"

Na rasa amsa. Washegari ta tattara takardunta a fayil mai kalmar sirri na 7-Zip, manhajar dunƙule fayiloli, har yau ba ta faɗa mini kalmar ba.