Godiya ga duk waɗanda suka tsaya min har na ajiye takalmi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka tashi daga wasan bankwanan nan wayata ba ta huta ba, kira kan kira, saƙo kan saƙo, sai yanzu na samu na zauna in ce na gode. Alhamdulillah na ajiye takalmi lafiya, na yi ritaya daga buga ƙwallon ƙafa, kuma lasisin koci da nake ta nema ya shigo hannu.

Zan fara da tsofaffin abokan wasana da suka haɗa abin nan ba tare da na roƙa ba. Wallahi kun ba ni dariya kun kuma sa ni hawaye, mutum ya ajiye tumbi kamar randa amma ya dage sai an ba shi lamba 10, minti kaɗan yana haki yana ɗaga wa benci hannu a canza shi. Golanmu kuma da ya bar min fenaritin nan ta shiga, na gani sarai ka faɗi ɗaya ɓangaren da gangan, Allah ya bar zumunci.

Sai likitan da ya yi min tiyata lokacin da jijiyar gwiwata ta tsinke, da fisiyo ɗin, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da ya yi ta fama da ni. Duk wanda ya taɓa wannan ciwon ya san aikin ba shi ne wahalar ba, wahalar tana wajen koya wa ƙafa lanƙwasawa da ɗaukar nauyi daga farko, wata tara ko fiye kafin a bar ka ka shiga fili, kuma ko ka dawo wannan saurin juyawa ba lallai ya dawo ba. Nawa dai bai dawo ba. Kulob ɗin da nake a lokacin ba su sabunta min kwantiragi ba, ba zan kama suna ba don ya wuce, haka sana'ar take.

Amma wanda ya fi kowa cancantar godiyata shi ne tsohon kocina, Baba kamar yadda muke kiran shi. Lokacin da nake dogara sanda shi ne ya ce kada in kuskura in zauna a gida, in riƙa zuwa tirenin ina zama kusa da shi, kuma duk hutun rabin lokaci sai ya juyo ya tambaye ni me na gani. Ni da na yi shekaru ina buga tsakiya sai na tarar ƙafata ta san abubuwan da bakina bai iya faɗa ba, na san inda zan tsaya in tare fasin, amma ka ce in bayyana wa yaro ɗan shekara 15 dalilin tsayawa a nan sai in fara kame-kame. Baba bai taɓa ba ni amsa ba, tambaya kawai yake ƙara min har sai na fito da ita da kaina. Mutane suna ɗauka duk wanda ya iya taka leda zai iya koyarwa, ina! Maradona ma da girman shi Jamus ta zuba wa Ajantina 4 da nema a hannun shi a 2010. Guardiola da ƙaramar ƙungiyar Barcelona ya fara a 2007, Zidane ma sai da ya riƙe Castilla, ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, kafin a ba shi Real Madrid a 2016. Baba ya fi son ba ni misali da marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994 ya sake ɗagawa yana koci a 2013, amma kafin nan sai da ya je ya riƙe Togo da Mali ya sha gwagwarmaya. Ni kuwa Aliou Cisse ne ya fi taɓa ni, mutumin da ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2002, ya zo a 2022 yana koci Senegal ta ci kofin da bugun fenariti. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, abin da ka yi min ba zan iya biya ba.

Malaman kwas ɗinmu na koci su ma na gode, musamman wanda ya sa na sake rubuta tsarin tirenin saboda yara sun fi tsayawa a layi fiye da taɓa ƙwallo.

Mama da uwargida, ku kuka ga daren da ciwo ya hana ni barci, addu'arku ce ta riƙe ni. Magoya baya kuma, har da masu zagina daga kan siminti in na ɓata fasin, na yafe, wasunku na gan su ranar suna tafi.

Yaran da aka damƙa min, 'yan ƙasa da shekara 17, ranar Litinin da sassafe za mu fara, kowa ya zo da takalminsa da abin kare ƙwauri. Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, Allah ya saka wa kowa da alkhairi.