Na dama ne ko na hagu?

Talata, bayan isha'i

Yau na sha kunya a gaban mutum goma sha ɗaya, kuma ƙashin cinya ne ya ja mini.

Da safe aka buɗe mana akwatin ƙasusuwa a ɗakin nazarin sassan jiki, kowane rukuni ya ɗebi nasa. Ni fima ce ta faɗo hannuna, wato ƙashin cinya, wanda ya fi kowane tsawo cikin ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Busasshe ne, launinsa kamar na tsohon haƙori, wani ya taɓa rubuta masa lamba da jan biro. Ina cikin jujjuya shi sai ga Dakta a kaina.

"Malam, wannan na dama ne ko na hagu?"

Na san kan nan mai kama da ƙwallo sama yake kallo, kuma ciki yake karkata, tunda shi ke shiga ramin ƙugu. Na kanga ƙashin a cinyata ta dama, ya zauna daram, na ce na dama ne, ranka ya daɗe. Bai ce komai ba. Ya karɓa, ya sa yatsa cikin wani kwari da ke tsakanin dunƙule biyun nan na wajen gwiwa, sannan ya bi wani siririn tudu da ya ratsa tsawon ƙashin kamar kunyar gona. Ya ce waɗannan biyun baya suke kallo, kai kuwa ka juyo da su gaba. Na hagu ne. Na gane sama da ƙasa, na gane ciki da waje, na manta gaba da baya, alhali sai an haɗa ukun ƙashi yake faɗin ɓangarensa.

Daga nan ya tsayar da ni a gaban kowa, wai in zama abin misali. Tsaye kyam, fuska gaba, hannaye a gefe, tafukan hannu suna kallon gaba. Ya ce duk bayanin da za a yi kan jikin mutum daga wannan tsayuwar ake auna shi, ko majinyacin yana kwance rub da ciki ne. Abin da ya fi kusa da tsakiyar jiki midiyal ne, na can gefe lataral. Shi ya sa babban yatsa yake lataral, ƙaramin yatsa midiyal, kome yadda ka murɗa hannunka. A hannu da ƙafa kuma, abin da ya fi kusa da inda gaɓar ta tsiro furoksimal ne, na nesa distal: gwiwar hannu furoksimal ce a kan wuyan hannu, amma distal ce a kan kafaɗa. Dama da hagu kuwa na majinyaci ne, ba na mai dubawa ba. Wannan ya maimaita har sau uku, fuskarsa ba wasa.

A da ina ɗaukar kalmomin nan burga ce kawai ta likitoci. Da na tsaya a wurin kamar dogari, sai na ga amfaninsu. In na ce "saman hannu", wanda ya ɗaga hannu da wanda ya sauke ba wuri ɗaya za su nuna ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ma'anar sunayen. Rami a ƙashi foramin, kwari marar zurfi fosa, dunƙulen gaɓa kondayil. Babban ramin da ke gindin ƙoƙon kai, inda laka ke bi ta haɗu da ƙwaƙwalwa, sunansa foramin magnum, fassararsa kuwa "babban rami", shi ke nan. Ramin ƙugu asetabulum, ɗan kofin da Romawa ke zuba ruwan khal. Patela ƙaramin faranti ne, mu kuma muka ce ƙoƙon gwiwa. Maliyolas 'yar guduma, mu muka ga ido muka ce idon sawu. Akwai wani gurbi a cikin ƙoƙon kai da suka kira sirdin Baturke, sannan ƙashin da ya fi kowane ƙanƙanta, can cikin kunne, sunansa likkafa. Ashe su ma kayan gida da na doki suka duba suka raɗa wa ƙashi suna, kamar yadda muka ga allo a kafaɗa. Latin da Girkanci ne kawai suka sa musu babbar riga.

Bayan magariba na kira Kaka. Tana ɗauka ta ce, "Maigidan, an fara yankan mutanen?" Na ce tukuna, Hajiya, ƙashi muke lissafi. Sai ta ce to ga nata, kwana uku ke nan ƙafarta na ciwo. Na ce ina? Ta ce ta hagu, ɗan sama da idon sawu, ta ciki. Na tsinci kaina ina rubutawa a bayan littafi: hagu, midiyal, furoksimal. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kwatanta wuri tsaf, abin da ya gagare ni da safe. Na ce Kawu ya kai ta asibiti a duba, ta ce sai dai in na gama karatun in zo in duba da kaina.

Gobe allon kafaɗa ne. Na riga na lalubi nawa ta baya na gano tudun da ya raba shi biyu, ko da Dakta zai sake tsayawa a kaina.