Yadda na raba wa ɗalibaina kalmomin ɗagawa na Turanci

Na daɗe ina koyar da Turanci a darasin yamma a Mabera, cikin garin Sakkwato, kuma yawancin masu zuwa wurina yara ne da ke shirin WAEC, NECO ko JAMB. A jarrabawar JAMB akwai inda ake ware kalma a cikin jimla, a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Nan ne yara masu ƙoƙari ke zubar da maki, abin yana ci mini rai, domin sun san kalmomin, sai dai an sa su haddace su a jere kamar duk abu guda ne. Ka tambayi yaro ma'anar lift, raise, elevate, hoist ko heave, amsarsa ɗaya ce: "Ɗagawa, Malam."

Sai na ce kowa ya rufe littafi, mu yi magana da Hausa. Na tambaye su wa ya taɓa shiga kasuwar Ramin Kura lokacin albasa. Kusan kowa. Na ce su tuna ɗan dako ya sunkuya, mutum biyu sun kama kunnuwan buhu, sun yi nishi, jijiyoyin wuya sun fito, kafin buhun ya hau bayansa. Me suka yi wa buhun? Ba wanda ya ce ɗagawa, duka suka ce cicciɓawa. To wannan ita ce heave, kuma tushenta ɗaya da heavy, wato mai nauyi. Daga nan muka koma wurin magina, inda lebura ke ɗaura bokitin kwaɓaɓɓen siminti a igiya, na saman bene yana ja. Wannan hoist ce, kalmar da ta yi ƙarfi a bakin matuƙan jiragen ruwa, kuma galibi tana tafiya da igiya ko inji. Shi ya sa tutar da ake ja sama a filin makaranta ranar Litinin ake mata hoist. Ita kuwa lift ita ce ta yau da kullum: ka sa hannu ka raba abu da ƙasa.

Inda muka fi daɗewa shi ne rise da raise, don su ne ke ɓata rubutun insha'i. Hausa ta riga ta raba mana wannan gardama, muna da tashi muna da tayar. Farashin gero ya tashi da kansa, rise ke nan, ba ta ɗaukar abin da aka yi wa aiki. Ɗan kasuwa ya ɗaga farashi, raise ke nan, dole a ji abin da aka ɗaga. Ta farko tana sauya kama a shuɗaɗɗen lokaci, ta zama rose da risen, ta biyu kuwa raised kawai. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe mu ma muna da wanga abu, mi ya hana a gaya muna tun aji ɗaya?" Na ce, "Ɗiyata, ga shi yau an gaya miki, sai ki riƙe."

Na lura ɗan tarihi kaɗan yana taimaka musu ƙwarai. Rise da heave 'yan gida ne, tun tsohon Turanci suke. Lift da raise sun shigo ne daga harshen mutanen Arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila a ƙarni na 9. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin kuma na coci da ilimi, saboda haka kalmomin da suka biyo ta wannan ƙofa suka zo da ƙamshin manyanci. Elevate daga Latin take. Ɗan Sakkwato ba ya buƙatar dogon bayani a nan, ya san yadda kalmomin Larabci irin su daraja da martaba ke zaune a bakin malamai da fada. Jarida za ta yi amfani da elevate idan an ɗaukaka alƙali zuwa Kotun Ƙoli, likita ma zai faɗe ta idan jini ya hau. Yaron da ya rubuta cewa ya yi wa bokiti elevate bai karya nahawu ba, amma mai harshen ba zai faɗi haka ba, kuma mai duba takarda zai gane. Na'urar hawa bene kuwa ta haɗa elevate da lift: Amurka elevator, Ingila lift, mu a Najeriya mun fi bin Ingila.

Yanzu duk kalmar da ta zo, tambaya uku nake sa su yi: me aka ɗaga, da me, kuma a bakin wa maganar take. Na kuma daina karɓar kalma tsirara, sai da abokiyar tafiyarta. Raise tana tafiya da hannu, da murya, da tara kuɗi, da renon yara. Boost ta fi son ciniki, noma da ƙarfin gwiwa, kusan bunƙasawa.

Amma Hausa ba ta raka mu ko'ina, kuma ina gaya musu haka ƙarara. Idan gwamnati ta ɗage dokar hana fita ko takunkumi, Turanci ma lift yake cewa, yara suna jin daɗin wannan dacewa. Sai dai mu muna ɗage taro, muna ɗage ɗaurin aure zuwa bayan Salla, kuma a nan lift ba ta da wurin zama, postpone ake so, ko adjourn idan zaman kotu ne. Wannan jimla ta ɗage taro ina sa ta a kowane gwaji na ƙarshen mako, har sai na ga ajin duka ya daina faɗawa ciki.