Abin da cifmonk ya koya min a aikin daji

Jama'a duk wanda ya ce maka ya san halin dabba don ya kalle ta shekara ɗaya tak, ka yi masa murmushi kawai ka wuce. Wannan na ɗauko shi ne daga aikin dajin da muke yi a kudancin Kebek ta Kanada, inda nake karatun ilimin dabbobi, kuma malamin da ya koya min shi wani ɗan ƙaramin kurege ne mai zane-zane a baya da ake kira cifmonk, nauyinsa ma da kyar yake wuce giram 100.

Aikin namu ba wani abu ba ne, da sassafe a ɗana tarkon akwati na ƙarfe a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki, in ya shiga a juye shi cikin jaka a auna, a maƙala masa ɗan kunne mai lamba, a duba kaska sannan a sake shi. Duba kaskar nan ba wasa ba ne fa, takan ɗauko cutar Laim da ke kama mutum in ta cije shi, shi ya sa muke cusa ƙafar wando cikin safa kamar wasu mahaukata.

To ga inda abin yake. Rayuwar cifmonk gaba ɗaya a ɗaure take da bishiyar bic, wata babbar bishiya mai ƙananan 'ya'ya da yake ci, ita kuma bishiyar ba kowace shekara take 'ya'ya da yawa ba, wata shekarar ta zubar kamar ba gobe, wata kuma ƙasa fayau. Shekarar albarka za ka gan su ko'ina suna zirga-zirga, kumatu a kumbure tim da 'ya'yan itace, su shige rami su juye su fito su sake komawa, har ka gaji da kallo su ba su gaji ba. Shekarar da babu kuwa, tun kafin sanyi ya kankama sun shige ƙasa, ka ɗana tarko ka dawo ka tarar da shi wayam, in ba ka san tarihin wurin ba sai ka rubuta cewa sun ƙare alhali suna nan ƙarƙashin takalminka. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne matan kan haihu da rani tun kafin 'ya'yan itacen su faɗo, yaran suna fitowa daga rami abinci na zubowa. Wai ta yaya suka sani? Har yanzu masana na kan muhawara.

Barcin hunturun nasu ma ba irin wanda nake zato ba ne. Ba sa tara kitse sosai, rumbu suke yi a cikin ramin, jiki ya yi sanyi ƙalau, bugun zuciya ya sauka ƙasa sosai, bayan 'yan kwanaki su farka su ci su sake komawa. Kuma wanda rumbunsa ya cika bai cika zurfafa barcin ba, talakan cikinsu ne ke kwanciya kamar gawa don ya lallaɓa ɗan abin da ya tara. Satar juna kuwa ba a magana, maƙwabci na fita kiwo wani zai faɗa masa gida.

Sai kunne. Babbar da ke kula da mu ta ce kar in dogara da ido kaɗai, kukansu ya bambanta, in shaho ne a sama akwai wani sauti mai kauri da suke maimaitawa, in kuma abin a ƙasa yake tafe sai su yi mai tsini. Bakin ramin ma ba za ka ga tulin ƙasa ba balle ka gane, sai ka zauna shiru sauro na cinka har ya nuna maka da kansa. Yanzu kafin in buɗe bayanan tarko na kowace shekara a kwamfuta, sai na fara neman lissafin 'ya'yan bic na wannan shekarar da wadda ta gabace ta.