Ɗan mitsitsin da ya cinye wutsiyarsa

Yau na ɓata kusan awa biyu ina leƙen wani ɗan tsako a madubin ƙara girma, har wuyana ya sage. Jaririn tuniket ne, wata halittar teku da in ta girma sai ka rantse tsiro ce: 'yar jaka manne da dutse, da baki biyu, ɗaya na shan ruwa, ɗaya na fesarwa.

Amma jaririn, kamar talibambam! Kai da wutsiya, da ɗigon baƙi mai gane haske. A cikin wutsiyar akwai wata 'yar sanda da ake kira notokod, irin wadda ɗan Adam ke da ita a cikin mahaifa kafin ƙashin baya ya samu. Wani masani ɗan Rasha, Kowalevsky, ya gano haka a 1866. Wato dai danginmu ne na nesa, ko mun so ko mun ƙi.

Jaririn ba ya cin komai. Iyo kawai yake yi, har ya sami wurin da zai liƙa kansa. Daga nan jikinsa ya tsotse wutsiyar da sandar, ya zauna ke nan har mutuwa.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai zuciyar babban: ta tura jini gaba na 'yan mintoci, ta tsaya, ta juya shi baya. Ikon Allah!