Jakar Ma'aji a Bronx

Ba ni na nemi kujerar ma'aji ba. Muna taron ƙarshen wata a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da muke haya a Bronx, wani yanki na birnin New York, sai aka sanar cewa tsohon ma'ajinmu ya koma gida ba zai dawo ba. Aka yi ta kallon-kallo. Can sai wani dattijo ya tuna cewa na taɓa aikin akawu kafin in zo Amurka, ya nuna ni da carbi ya ce, "Malam, kai ka san biro da takarda." Kafin in buɗe baki an yi fatiha. Na koma gida a jirgin ƙasa rungume da jakar leda ta wani kanti, cikinta da littattafan rubutu guda huɗu, da tarin rasiɗai da roba ta ɗaure, da wasu ambulan da ba a taɓa buɗewa ba.

Lokacin ina shekara ta uku a ƙasar. Ina tuƙa tasi da dare, na koyi tituna, na koyi sanyi, na ma koyi cike takardar harajina kafin 15 ga Afrilu, don haka ina ganin na gama wayewa. Ƙungiyar tamu kuwa ba wata babba ba ce. Muna karɓar baƙin da suka sauka ba su da masauki, muna koyar da yara ranar Asabar, muna raba abinci da azumi, in an yi rasuwar wanda ba shi da kowa mu yi masa sutura. Abin da ke shigowa a shekara bai kai dala dubu 30 ba. Waɗanda suka kafa ta sun yi ƙoƙari: sun yi mata rajista a jiha, sun kuma samo mata takardar hukumar haraji ta tarayya, IRS, wadda ta sa ta cikin rukunin 501(c)(3), rukunin ƙungiyoyin agaji da ilimi da addini. Amfanin rukunin biyu ne. Ƙungiyar ba ta biyan harajin kuɗin shiga, wanda ya ba ta gudummawa kuma yana iya cire abin da ya bayar daga kuɗin da za a yi masa lissafin haraji a kai. An sa takardar a firam an rataye a bango, kowa yana ganin magana ta ƙare.

Wani ɗan kasuwa cikinmu ne ya tona asirin, ba da niyya ba. Ya ba da dala dubu ɗaya, ya nemi shaidar rubutu, domin doka ta ce daga dala 250 zuwa sama sai da takardar ƙungiya kafin a yarda ka cire. Na rubuta masa. Bayan mako biyu ya kira ni, muryarsa a sanyaye. "Malam, akantana ya ce sunanmu yana cikin waɗanda aka soke." Na ce wa ya soke mu, me muka yi? Ya ce, "Ai matsalar ke nan. Ba mu yi komai ba."

Gaskiyarsa. A da ƙananan ƙungiyoyi irin tamu ba sa aika wa hukumar komai. A 2006 majalisa ta yi doka cewa kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, sai ta yi sallama sau ɗaya a shekara, wadda kuma ta yi shiru shekara uku a jere, matsayinta ya faɗi da kansa. Babu alƙali, babu zaman sauraro, kwamfuta ce ke ƙirga shekaru. A watan Yunin 2011 kaɗai an fitar da sunayen ƙungiyoyi kusan dubu 275 da suka faɗi ta wannan hanya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙanƙantar abin da ake nema a wurinmu. Ƙungiyar da kuɗinta bai wuce dala dubu 50 a shekara ba, fom 990-N take cikewa a intanet, tambayoyi takwas: lambar haraji, shekara, suna da adireshi, sunan shugaba, da makamantansu. Shayi ba zai huce ba ka gama. Wadda ta fi haka amma ba ta kai dubu 200 ba, kadarorinta kuma ba su kai dubu 500 ba, tana da 990-EZ, manya kuma su cike 990 cikakke. Ga mai bin shekarar kalanda, wa'adin 15 ga Mayu ne. Masallatai da coci-coci ba a ɗora musu wannan ba, kuma a nan kuskurenmu ya samo asali: tunda muna salla a ɗakin da muke taro, dattawa sun ɗauka hukuncinmu ɗaya da masallaci. Wasiƙun tunatarwa kuwa suna zuwa adireshin wanda ya kafa ƙungiyar, shi kuma ya daɗe da komawa Ohio.

Na kwashe wata uku ina gyara. Na cike fom 1023-EZ na sake neman matsayi, aka biya dala 275 daga asusu, aka dawo mana da matsayinmu daga ranar da muka nema. Da mun farga cikin wata 15 da sokewar, da an mayar da shi baya cikin sauƙi kamar ba a taɓa yankewa ba. Garin haka na gano cewa jihar New York ma tana da nata ofishin sa ido kan ƙungiyoyin agaji, ƙarƙashin babban lauyan jiha, da nata fom ɗin na shekara-shekara. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Na ɗauka wahalar ma'aji ta ƙare a nan, sai kakar zaɓe ta zo.

Wani ɗan takarar kansila, cikin masu neman kujeru 51 na majalisar birnin, ya fara zuwa mana. Mutumin kirki ne a yadda na gan shi. Ya zo ta'aziyya, ya cire takalmi ba a gaya masa ba, ya yi alkawarin taimaka mana da maganar wurin koyar da yara. Shugabanmu ya kira kwamiti ya ce shawara biyu ce: a ba shi dala dubu biyu daga asusu, a kuma bar shi ya sa sunan ƙungiya a takardun kamfe. Kowa ya ce madalla. Ni kaɗai na ɗaga hannu.

"Alhaji, a gafarce ni, wannan ba zai yiwu ba."

"Kuɗinmu ne ko na gwamnati?"

"Namu ne, ranka ya daɗe. Amma ranar da muka karɓi takardar can ta bango, mun ci ladan kuturu."

Ban ga laifinsa ba. Inda muka taso, ƙungiya ba ta da wani jari da ya wuce yawan kawunanta, kuma ranar zaɓe ce ranar kasuwarta. Shugaban da bai kai jama'arsa gaban ɗan takara ya karɓo musu alkawari ba, ana ganin bai iya shugabanci ba. A nan kuwa tun 1954 aka toshe wannan ƙofa ga rukuninmu, lokacin da Lyndon Johnson, yana sanata daga Texas, ya shigar da 'yan kalmomi cikin dokar haraji. Ƙungiyar 501(c)(3) ba za ta goyi bayan ɗan takara ba, ba za ta yi adawa da shi ba, daga shugaban ƙasa har kansila. Ba a ce kaɗan ya halatta ba. Wadda ta karya tana iya rasa matsayinta, ana kuma iya cin ta harajin kashi 10 cikin ɗari na abin da ta kashe, shugabannin da suka sa hannu da saninsu su ma a ci su nasu daga aljihunsu. Da na zo kan wannan gaɓa ta aljihu na ga kwamitin ya gyara zama. Na ba su labarin wata coci a jihar nan tamu, kusa da Binghamton, da ta sayi shafin jarida a 1992 tana gargaɗin Kiristoci kan zaɓen Bill Clinton. An soke ta a 1995, ta je kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar a 2000.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro, wanda ban so in faɗa da ƙarfi ba saboda waɗanda ke zaune a wurin. Dokar tarayya ta hana baƙon da ba ɗan ƙasa ba, ba shi kuma da girin kad, wato takardar zama na dindindin, ba da kuɗi a kowane zaɓe, har na ƙaramar hukuma. Asusunmu kuwa tukunya ɗaya ce. Kuɗin mai fasfo da na ɗalibi da na wanda takardunsa ke gaban alƙali duk a ciki suke.

A nan ne ɗan wata Hajiya cikinmu, haifaffen nan, mai karatun lauya, ya ce, "Kawu, ai akwai hanya. Ku buɗe 501(c)(4)." Ya yi mana bayani da Hausarsa mai tsalle-tsalle, ni kuma na je na karanta da kaina dare da dare a cikin mota ina jiran fasinja. Wannan rukunin na ƙungiyoyin kyautata jin daɗin jama'a ne. Mai ba su kuɗi ba ya cire komai daga harajinsa, amma su an yarda su yi siyasar 'yan takara, muddin ba ita ce babbar sana'arsu ba. Ba sa bayyana wa jama'a masu ba su kuɗi, tun 2020 ma ba sa rubuta wa hukumar haraji sunayen. Buɗewa ba wuya: ka sanar da hukuma da fom 8976 cikin kwana 60.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan ta "babbar sana'a". Asalin doka cewa ta yi ƙungiyar ta tsaya kan jin daɗin jama'a kaɗai. A 1959 aka rubuta ƙa'idar aiwatarwa da ta mayar da "kaɗai" ta koma "galibi", ba a kuma faɗi kashi nawa ne galibin ba. Lauyoyi suka ɗauka siyasa ta halatta muddin ba ta kai rabin aikin ƙungiya ba. Da Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Citizens United a watan Janairun 2010, ta buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi kashe kuɗinsu a tallan zaɓe, sai miliyoyi suka kwararo ta wannan kafa, ga talla a talabijin ba a san mai biya ba. Amurkawa da kansu suke kiransa kuɗin duhu. A watan Mayun 2013 rigima ta tashi, bayan Lois Lerner, shugabar sashen ƙungiyoyi marasa biyan haraji a IRS, ta amsa cewa ma'aikata sun riƙa ware takardun neman izini ta hanyar duba suna, irin su Tea Party na masu ra'ayin riƙau, suna jan musu rai. Muƙaddashin shugaban hukumar, Steven Miller, ya sauka. Wani binciken da aka fitar a 2017 ya nuna an yi wa wasu ƙungiyoyin ɓangaren masu sassaucin ra'ayi irin wannan tacewar. Hukumar ta kawo daftarin sabuwar ƙa'ida a ƙarshen 2013 don a fayyace mece ce siyasa, ɓangarorin siyasa biyu suka yi mata ca, daga ƙarshen 2015 kuma majalisa ta riƙa sa sharaɗi a kasafin kuɗi da ke hana ta rubuta ƙa'idar gaba ɗaya.

Ni dai ga yadda abin ya zauna mini, kuma ra'ayin direban tasi ne. Inda doka ta zama ƙirge, kamar shekara uku, ba ta kuskure kowa, mu da muke tara dala ashirin-ashirin don sayen likkafani ta same mu daidai. Inda ta zama fassara, kamar galibi, mai manyan lauyoyi yana wucewa da raƙuminsa da kayansa. Duk da haka ba zan ɓoye abin da ya burge ni ba. Fom 990 ba sirri ba ne. Kowa yana iya neman na shekara uku a ofishin ƙungiya, yawancinsu ma suna intanet, a shafin hukumar ko na kafar labarai ta ProPublica. Na zauna a mota na karanta albashin shugabannin manyan ƙungiyoyin da nake jin sunansu a rediyo, har da shafin da suke bayyana abin da suka kashe a siyasa da kamun ƙafa a majalisa. Ban taɓa tunanin talaka zai leƙa littafin manya haka ba tare da ya san wani ba.

Ba mu buɗe ƙungiya ta biyu ba. Na ce musu wanda ya kasa riƙe akuya ɗaya kada ya ƙaro tunkiya, ga asusu biyu, ga littafi biyu, ga hukuncin kada kuɗin wannan ya taɓa na wancan. Maimakon haka muka yi abin da rukuninmu ya yarda da shi. Muka gayyaci duk masu neman kujerar, uku suka zo, aka ba kowa minti goma da tambayoyi iri ɗaya, wata malamar makaranta tana riƙe da agogo. Muka ajiye tebur na rajistar masu zaɓe a bakin ƙofa, na tsaya a kai da kaina ina maimaita cewa na 'yan ƙasa ne kaɗai, domin wanda ba ɗan ƙasa ba in ya yi rajista yana iya jawo wa kansa kora daga ƙasar. Alhaji, da yake ya daɗe da karɓar fasfo, ya rubuta wa mutuminsa cak daga asusunsa na kansa, ya kuma bi gida-gida yana yi masa kamfe da sunansa, ba da sunan ƙungiya ba. Ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice.

Ranar da na cike 990-N na shekarar da ta biyo baya, na buga shaidar karɓa na kai masa bayan sallar isha'i. Ya sa tabarau ya juya takardar gaba da baya.

"Shi ke nan? Wannan 'yar takardar ce ta kusa kashe mu?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

Ya miƙo mini. "To, a sa ta a firam kusa da waccan. Kuma Malam, adireshin wa ka ba su?"

Na ce na buɗe mana akwatin gidan waya, makulli biyu. Ya buɗe tafin hannu, na ciro ɗaya daga cikin makullan motata na ajiye masa.