Ƙara wa hukumar likitoci iko kan rubuta magani: inda gizo ke saƙar

Duk lokacin da asirin wani likita ya tonu kan rubuta magunguna masu sa maye ba bisa ƙa'ida ba, kiran da ake fara ji shi ne a tsananta hukunci. A ganina ba hukunci ne ya yi ƙaranci ba. Galibin hukumomin da ke ba likitoci lasisi suna da ikon jan kunne, da gindaya sharaɗi, da dakatarwa, da soke suna daga rajista. Ido ne ba su da shi. Ba sa motsi sai an kawo ƙara, ga shi wanda ya kamu da jarabar magani ba zai kai ƙarar mai rubuta masa ba, mamaci kuwa ba ya magana.

Harold Shipman, wani likita a Ingila, ya isa misali. A 1976 kotu a Ingila ta ci shi tarar fam 600 saboda rubuta wa kansa fetidin, wani maganin kashe ciwo mai sa jaraba, da takardun jabu, amma hukumar likitocin ƙasar, GMC, ta bar shi da lasisinsa. A Janairun 2000 aka same shi da laifin kashe majiyyata 15 da allurar diyamofin, wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi, daga baya binciken da alƙaliya Dame Janet Smith ta jagoranta ya kai adadin sama da 200. Rubuta maganin yake yi da sunan marasa lafiya ya je kantin magani ya karɓa da kansa, ya kuma riƙe ragowar na waɗanda suka rasu. Takardun duk suna nan, babu dai wanda aikinsa ne ya haɗa su ya duba.

Saboda haka ikon farko da ya dace a bayar shi ne na leƙa rumbun bayanan magunguna ba tare da jiran ƙorafi ba. A Amurka jihohi na da irin wannan rumbu: kantin magani yana shigar da sunan magani, ƙarfinsa, adadin ƙwayoyi, kwanakin da zai yi, da likitan da ya rubuta. Don a iya kwatantawa, ana mayar da kowane magani na dangin ofiyom, wato masu kashe ciwo da ke sa jaraba, zuwa ma'aunin mofin. Oksikodon ana ninka shi da 1.5, kodin da 0.15. Wato mai shan oksikodon miligiram 30 sau biyu a rana yana kan miligiram 90 na mofin. Mai bincike da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan wannan lamba. Yana duba ko ana haɗa maganin da masu sa barci irin su dayazifam, haɗin da ke danne numfashi. Yana duba ko kowa ƙarfi ɗaya da adadi ɗaya ake rubuta masa ko da ciwonsu ya bambanta, ko ana sabunta takarda kafin kwanakinta su cika, ko mutane na baro nesa suna biyan kuɗi hannu don ganin likita ɗaya.

Daga nan sai ikon karɓar fayil ɗin majiyyaci cikin wa'adi ƙayyadadde, domin jan lokaci ke ba da damar a sake rubuta bayanai. A fayil ne za a ga ko an duba mutum, an gano cutar, an gwada wata hanya, an sake nazarin maganin bayan makonni. Wajibi ne mai karanta fayil ɗin ya zama likita daga fanni ɗaya da wanda ake bincike. Likitan masu ciwon daji ko masu jinyar ƙarshen rayuwa kullum lambobinsa a sama suke, kuma haka ya kamata.

Akwai kuma takunkumin wucin gadi. A Birtaniya ana iya sa shi har na wata 18, ana sake duba shi duk wata shida, tsawaitawa kuwa sai da izinin babbar kotu. Sau da yawa hana likita rubuta waɗannan magunguna kaɗai ya wadatar, ba sai an rufe masa aiki baki ɗaya ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokacin da lamba ta koma hukunci. A 2016 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shawarci likitoci su yi hattara daga miligiram 50 na ma'aunin mofin a rana, su guji kaiwa 90 sai da hujja. Shawara ce, amma jihohi da kamfanonin inshora suka mayar da ita iyaka. Likitoci suka tsorata, suka riƙa zaftare wa waɗanda suka shekara a kan magani farat ɗaya, wasu ma suka sallame su. A Afrilun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa yanke maganin kwatsam na jawo azabar janyewa, wato wahalar da jiki ke sha idan an raba shi da maganin da ya saba da shi, da ciwo mai tsanani, har da mutum ya kashe kansa. A 2022 CDC ta sake rubuta shawarar, ta cire waɗannan lambobi daga jerin manyan shawarwarinta. Garin neman gira an rasa ido.

Dole kuma mai bincike ya zama daban da mai yanke hukunci. Birtaniya ta raba su a 2012, da aka kafa MPTS, wata kotun ladabtar da likitoci, don sauraren ƙararrakin da GMC ke gabatarwa.

Abin da masu rubuta doka suka fi mantawa shi ne ranar da takunkumi ya fara aiki. Likitan da aka dakatar yana iya barin ɗaruruwan mutanen da jikinsu ya saba da magani, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu janyewa za ta fara. Idan babu likitan da zai karɓe su, kasuwar bayan fage ce za ta karɓe su, inda ƙwayoyin jabu masu fentanil suke, wani dangin ofiyom mai tsananin ƙarfi. Dokar da ta ba hukuma ikon dakatarwa ya kamata ta ɗora mata nauyin fitar da sunayen waɗannan majiyyata tun kafin ranar, da sama musu wanda zai ci gaba da rubuta musu, a riƙa ragewa a hankali, kamar kashi 10 cikin 100 a wata ga wanda ya haura shekara yana sha.